Dashen Na'urar Ji Ko Maganar Hannu: Wace Hanya Za A Bi Da Yaro Kurma?

Idan likitan kunne ya gama gwaji ya shaida wa iyaye cewa ɗansu ba ya ji, tambayar da ke biyowa baya kusan kullum ɗaya ce: "Likita, zai yi magana kuwa?" Daga nan shawarwari suke fara karo da juna. Wasu za su ce a nemo kuɗi ko ta halin ƙaƙa a yi masa dashen na'urar ji, a kuma hana shi nuni da hannu don kada ya yi kasalar buɗe baki. Wasu za su ce a bar wahalar asibiti, a kai shi makarantar kurame ya koyi maganar hannu cikin 'yan'uwansa. Akwai hanya ta uku, kuma ita nake goyon baya: a fara masa maganar hannu tun ranar da aka gane, sannan a ƙara masa da dashen idan ya cancanta kuma ana da halin riƙe shi. Sai dai babu wadda ba ta da nata nauyin a cikin ukun, kuma abin da ya dace da jariri ɗan wata takwas a Kaduna ba lallai ya dace da ɗan shekara tara a ƙauyen Maraɗi ba.

Mutane da yawa suna rikita dashen da na'urar ƙara ji da ake maƙalawa a bayan kunne. Ita na'urar ƙara ji ƙarfin sauti kawai take ɗagawa ta tura cikin kunne, don haka mai sauran ji take yi wa amfani. A can ƙuryar kunne akwai wani sashe mai naɗi irin na katantanwa, cike da ruwa da dubban ƙananan gasu. Su ne ke mayar da girgizar sauti ta zama saƙon da jijiya ke kai wa ƙwaƙwalwa. Yawancin kurumta mai tsanani daga lalacewar waɗannan gasu take, kuma idan sun mutu ba sa sake tsirowa. Dashen tsallake su yake yi. Likita zai tsaga bayan kunne, ya binne 'yar na'ura mai maganaɗisu a ƙarƙashin fata, ya zura siririyar waya cikin katantanwar. A jikin wayar akwai ɗigon ƙarfe 12 zuwa 22, gwargwadon kamfanin da ya ƙera, su ne ke tsikarar jijiyar ji da lantarki kai tsaye. Ɗaya rabin kuma a waje yake: makirufo da 'yar kwamfuta a bayan kunne, da wani ɗan faifai da ke manne wa kai ta hanyar maganaɗisun. Tiyatar kan ɗauki awa biyu zuwa uku, amma ba a kunna na'urar sai wurin ya warke, bayan mako biyu zuwa huɗu.

Abin ba sabo ba ne. A 1978 Graeme Clark ya dasa irinta mai wayoyi da yawa a birnin Melbourne na Ostireliya. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yarda a yi wa yara 'yan shekara biyu a 1990, ta sauko zuwa wata 12 a 2000, ta ƙara saukowa zuwa wata 9 a 2020. Dalilin wannan saukowar shi ne ginshiƙin duk maganar da za mu yi. Ƙwaƙwalwar yaro tana da wa'adin da take karɓar harshe cikin sauƙi, icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Binciken Anu Sharma a Amurka ya nuna cewa yaran da aka yi wa dashe kafin shekara uku da rabi sashen ji na ƙwaƙwalwarsu yakan bunƙasa kusan kamar na masu ji, waɗanda suka haura shekara bakwai kuwa da wuya hakan ta samu. Wani binciken da John Niparko ya jagoranta, wanda aka buga a 2010 kan yara 188, ya gano waɗanda aka yi wa kafin wata 18 sun fi saurin kama magana nesa ba kusa ba. Abin da ake yawan mantawa shi ne wannan wa'adin bai tsaya ga maganar baki ba, ya shafi harshe kowane iri. Rachel Mayberry ta shafe shekaru tana nazarin kuramen da ba su samu wani harshe ba sai da suka girma, ta ga ko maganar hannun ma ba sa ƙwarewa a nahawunta kamar waɗanda suka tashi da ita.

Dashe shi kaɗai, a hana hannu

Masu wannan ra'ayi suna da hujja, bai kamata a raina ta ba. Fiye da kashi 90 cikin 100 na yara kurame iyaye masu ji ne suka haife su. Gidan magana ake yi, unguwa magana ake yi, makarantar allo da ta boko da kasuwa duk da baki ake hulɗa. Yaron da dashe ya karɓe shi sosai zai iya zama aji ɗaya da sa'o'insa, ya amsa waya, ya yi hira da kakarsa ba tare da tafinta ba. Wannan ba ƙaramar riba ba ce, kuma dubban yara sun same ta. Binciken da aka fi kafa hujja da shi na Ann Geers ne da abokan aikinta, a mujallar Pediatrics a 2017. A cikin yara 97 masu dashe, sama da kashi 70 na waɗanda ba a yi musu maganar hannu ba sun kai matakin sa'o'insu a maganar baki, alhali kashi 39 ne suka kai a cikin waɗanda aka yi wa shekara uku ko fiye.

Amma a tsaya a kalli alƙaluman da kyau. Binciken ya haɗa kowane irin nuni wuri guda, da cikakken harshe da 'yan alamun da uwa ta tsinta nan da can, kuma bai auna ƙwarewar iyayen ba. Sannan akwai tambayar wanne ya haifi wanne: iyayen da suka ga ɗansu ba ya kama magana su ne suka fi ci gaba da yi masa hannu, ka ga ke nan mai yiwuwa jinkirin maganar ne ya kawo hannun. Ko an ajiye wannan gefe, a cikin waɗanda aka hana hannu ɗin ma kusan uku cikin goma ba su kai ba. Wannan a Amurka ke nan, inda aka yi dashen da wuri kuma masu koyar da furuci suna nan kusa. Waɗannan ukun me suka rage da shi? Babu likitan da zai iya nuna maka tun farko cewa ɗanka yana cikin bakwai ko yana cikin uku. Sai an shekara biyu ko uku ana jira kafin a gane, lokacin da mafi kyawun wa'adin ya riga ya wuce. Nan ne nake ganin hatsarin wannan hanyar: idan ta ci, ta ci da kyau, idan ta ƙi, yaron ya tashi ba baki ba hannu.

Kuma ko ta ci, jin da dashe ke bayarwa ba irin namu ba ne. Ɗigo 22 ne ke ƙoƙarin yin aikin gasu kusan 3,500 da ke kai saƙo ga jijiya. A ɗaki mai shiru, fuska da fuska, yaro yana iya fahimtar kusan komai. A ajin da yara suka cika maƙil, fanka na kaɗawa, rufin kwano na amsa kuwwa, rabin maganar malam ɓacewa take yi. Na'urar tana da rauni wajen isar da hawa da saukar murya, an ga haka a yaran Sin masu koyon Mandarin, Hausa kuwa harshe ne mai karin sauti: karin murya da jan wasali ne ke raba garin da ake zama da garin da ake tuƙa tuwo. Karanta leɓe ma bai cika cike giɓin ba, don b da ɓ da m iri ɗaya suke a leɓe, k da ƙ da g kuwa can ciki ake yin su inda ido ba ya kaiwa. Da dare ana cire na'urar waje, yawanci ana cirewa lokacin wanka, batir yana mutuwa, wayar na'urar waje tana tsinkewa. A duk waɗannan lokuta yaron kurma ne kamar yadda yake kafin tiyata.

Sai maganar kuɗi, wadda ta fi ƙarfin yawancin gidaje. Na'urar da tiyatar miliyoyin naira ne masu yawa, kuma da dala ake lissafin kayan. Wanda ya samu tallafi aka yi wa ɗansa kyauta bai kamata ya ɗauka an gama ba, ranar ce aka fara. A shekarar farko za a yi ta komawa wurin masanin ji yana saita ƙarfin kowane ɗigo da kwamfuta, daga baya a riƙa zuwa aƙalla sau ɗaya a shekara. Batir irin na yarwa kwana biyu zuwa uku yake yi, mai caji kuma yana son wuta kullum. Gumin bazara da ƙurar hunturu suna cin na'urar waje, kuma bayan shekara biyar zuwa bakwai akan buƙaci sabuwa. Ga koyon furuci na shekaru, mako-mako, masu koyarwar kuma 'yan kaɗan ne, a manyan birane suke, yawancin kayan aikinsu da Turanci aka tsara su. Gidan da Hausa zalla ake ji dole ya tambaya tun farko: da wane harshe za a koyar da yaron sauraro?

Maganar hannu ita kaɗai

Tsoron da iyaye ke yi wa hannu yana da tarihi. A 1880 malaman kurame, kusan dukkansu masu ji, suka taru a Milan ta Italiya suka yanke cewa a daina koyarwa da hannu. Aka shafe kusan ƙarni guda ana hana yara motsa hannu a makarantun Turai da Amurka. Sai a 1960 William Stokoe na kwalejin kurame ta Gallaudet ya nuna cewa maganar hannun Amurka cikakken harshe ce mai nahawunta. Suwidin ta amince da tata a hukumance a 1981, kuma a 2010 taron malaman kurame na duniya da aka yi a Vancouver ya fito fili ya yi watsi da hukuncin Milan.

Ƙarfin wannan hanyar shi ne tabbas. Yaron da idonsa ke gani zai kama maganar hannu idan akwai mai yi masa ita, ba tiyata, ba batir, ba jiran sakamako. 'Ya'yan kurame da suka tashi da ita suna bin matakan koyon harshe daidai da yara masu ji: gwaranci da yatsu, kalmar farko wajen shekara ɗaya, haɗa kalma biyu wajen shekara biyu. Yaron da ke da harshe yana iya tambaya, ya yi musu, ya fahimci dalilin da ya sa aka hana shi abu, a yi masa bayanin addini da ma'ana maimakon kwaikwayon motsi kawai. Yana iya gaya wa uwarsa inda ke masa ciwo. Yarinyar da ke da harshe tana iya faɗin wanda ya taɓa ta. Wannan na ƙarshen ba na son a wuce shi da sauri, don yaron da ba ya iya ba da labari shi mugu ya fi nema.

A ƙasar Hausa ba daga waje aka kawo mana abin ba. Kuramen Kano suna da maganar hannunsu da suka gada kaka da kakanni, suna da ƙungiya da shugabanci, kuma masu ji da yawa a kasuwa suna iya ɗan taɓawa. Wata Bajamushiya masaniyar harshe, Constanze Schmaling, ta zauna da su a Kano ta yi nazarinta, ta wallafa sakamakon a 2000. Amma ta makaranta daban ce. Andrew Foster, baƙar fatar Amurka kuma kurma, ya buɗe makaranta a Accra a 1957, ya buɗe a Ibadan a 1960, ya ci gaba har makarantunsa suka haura 30 a ƙasashe 13, ciki har da Chadi da Kamaru. Da maganar hannun Amurka ya koyar, ita ce tushen wadda ake amfani da ita yau a makarantun kurame na Najeriya, har da ta Tudun Maliki a Kano. Saboda haka iyaye suna da ƙaramin zaɓi a cikin babban: ta gari ce ke haɗa yaro da kuramen unguwa da dattawansu, ta makaranta ce ke kai shi sakandare da jami'a da tafintocin talabijin. Ni dai shawarata a fara da wadda ake da mai koyar da ita a kusa, yau ɗin nan. Kurame da yawa suna jin duka biyun, yaron da ya kafu a ɗaya kuma ba ya wahalar ɗaukar ta biyu.

Raunin hanyar ba a cikin harshen yake ba, a cikin mutanen da ke kewaye da yaron yake. Idan an bar shi sai ya shekara shida ko bakwai kafin a kai shi makarantar kurame, kuma kafin nan abin da yake samu a gida bai wuce alamar "zo", "ci", "bari" ba, to an yi masa irin asarar da aka ji tsoro a hanya ta farko. Idan ya koya a makarantar kwana ya dawo hutu babu mai iya hira da shi, zai zama baƙo a gidan ubansa. Karatu da rubutu ma suna da wuya, don yana koyon rubuta harshen da bai taɓa ji ba, sai da malamin da ya ƙware a hannu da gaske. Tafinta a asibiti ko kotu ko ofis har yanzu ba a cika samu ba, duk da dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci da aka sa wa hannu a Najeriya a Janairun 2019.

Haɗa biyun

Tambayar da ta rage ita ce ko hannu yana kashe baki. Wurin da ya fi dacewa a duba shi ne yaran da suka samu cikakkiyar maganar hannu tun haihuwa sannan aka yi musu dashe. A 2014 Kathryn Davidson da abokan aikinta sun gwada irin waɗannan yara biyar, 'ya'yan kurame, suka same su daidai da masu ji a gwaje-gwajen Turancin baki. A Iran, Saeid Hassanzadeh ya kwatanta a 2012, ya ga 'ya'yan kurame masu dashe sun fi 'ya'yan masu ji kama magana. Yaran da aka gwada kaɗan ne, gaskiya, amma da hannu yana toshe baki da su ne za su fi kowa komawa baya. Ga iyaye masu ji kuma, Naomi Caselli da abokan aikinta sun nuna a 2021 cewa jariran da aka fara yi wa maganar hannu kafin wata shida kalmominsu suna tafiya daidai da shekarunsu, ko da iyayen koyo suke. Wani nazarin na 2023 ya ga yaran da suka fi yawan kalmomin hannu su ne kuma suka fi yawan na baki. Dalilin a fili yake. Yaron da ya riga ya san alamar ruwa, ranar da aka kunna na'ura ya ji sautin "ruwa", yana da abin da zai rataya sautin a kai.

Sai dai wannan ce mafi nauyi a kan iyaye, kada a ɓoye. Duk ɗawainiyar dashe tana nan, ga koyon sabon harshe a kai. Kuma tana da sharuɗɗa. Na'urar ta zauna a kunne duk lokacin da yaron yake farke, kada a ce tunda yana da hannu ba komai idan ta kwana uku a aljihun tebur. A ware lokacin sauraro zalla, uwa ta zauna a gefen kunnen da aka dasa tana kiran sunan abu yana ɗaukowa bai ga bakinta ba, a kuma ware lokacin hannu zalla. Yin duka biyun a numfashi ɗaya kullum yakan gurgunta su, don jerin kalmominsu ba ɗaya ba ne, sai baki ya faɗi jimla cikakkiya hannu ya zubar da rabi. Akwai ladubban da gida zai saba da su: a dafa kafaɗarsa a jira ya ɗago ido kafin a fara, a nuna masa abin ya kalla ya dawo da ido sannan a yi alamar, mai magana ya fuskanci haske, kada ya ba taga baya. Malamin da ya fi kowa shi ne babban kurma ko kurmiya da za a riƙa gayyata gida a kai a kai, a kuma biya su haƙƙinsu. Yayye da ƙanne su ne suka fi saurin ɗauka, a sa su ciki tun farko. Baba ma kada ya bar wa Mama ita kaɗai.

Yanayin yaron shi ke nuna inda za a fi ba da ƙarfi. Wanda aka haifa kurma aka gane da wuri shi ya fi cin moriyar haɗawar. Ƙa'idar da likitoci ke bi ita ce a tantance ji kafin wata ɗaya, a tabbatar kafin wata uku, a fara taimako kafin wata shida, kuma ko an yi komai a kan kari akwai watanni kafin tiyata da hannu ne kaɗai zai cike su. Wanda ya riga ya iya magana sannan ciwo ya ɗauke masa ji, lamarinsa na gaggawa ne, musamman idan sanƙarau ne. Ƙasar Hausa tana tsakiyar yankin sanƙarau da ya miƙe daga Senegal zuwa Habasha, kuma annobar 1996 kaɗai ta kama sama da mutum 100,000 a Najeriya. Bayan sanƙarau katantanwar kunne tana iya fara cikewa da ƙashi cikin makonni ko 'yan watanni, har wayar ta kasa shiga. Duk yaron da ya tashi daga wannan ciwon a gwada jinsa nan da nan. Irinsa dashe yakan karɓe shi sosai tunda ƙwaƙwalwarsa ta san magana, hannu kuma zai riƙe shi a aji da lokutan da na'ura ba ta kunne. Wanda aka haifa kurma har ya kai shekara takwas ko goma ba shi da wani harshe, dashe zai iya sa ya ji hon ɗin mota ko kiran sunansa, amma magana sosai da wuya. Kuɗin da za a sayar da gona a kashe a kansa ya fi amfani a makaranta mai kyau da koya wa gida hannu. Akwai kuma waɗanda hoton cikin kai na CT ko MRI zai nuna jijiyar jinsu ba ta nan ko katantanwar ba ta ginu ba, su dashe ba nasu ba ne tun asali. Wanda yake da sauran ji kuwa na'urar ƙara ji za a fara gwada masa na 'yan watanni.

Gwajin farko ana samunsa a sashen kunne, hanci da maƙogwaro na asibitocin koyarwa, da Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna. Kafin a sa hannu a takardar tiyata, ko a gida za a yi ko a Indiya ko Masar, iyaye su nemi amsa a rubuce: wa zai riƙa saita na'urar bayan an dawo, kuma a wane gari yake? Idan waya ta tsinke ko faifan ya faɗi ya fashe, ina ake sayen wani, nawa ne, kwana nawa yake ɗauka kafin ya iso? Garantin na'urar waje shekara nawa ne? An yi wa yaron rigakafin sanƙarau da ake bukata kafin dashe? Wa zai koyar da shi sauraro, sau nawa a wata, da Hausa ko da Turanci? Idan aka ce musu sharaɗin aikin shi ne su daina yi masa hannu, su tambayi abin da aka tanadar wa yaron idan aka shekara biyu maganar ba ta zo ba.